Amsa kan tsara fom ɗin rajistar manoma a intanet

Malam, ka tambayi abin da ya kamata a kula da shi wajen tsara fom ɗin da ƙungiyarku ta manoman shinkafa a yankin Auyo na jihar Jigawa za ta sanya a intanet domin masu neman taki.

A ganina, a tsara shi domin ƙaramar waya, saboda galibi matashi ɗaya ne zai zauna a bakin kasuwa yana cike wa dattawa ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukan gilashin wayar. Don haka rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, kuma fom ya riƙe abin da aka riga aka shigar idan sabis ya ɗauke, kada a koma farko.

Wurin da aka fi samun kuskure shi ne lambobi. Lambar waya da lambar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) kowacce tana da alƙaluma 11, shi ya sa ake musanya su. A nisanta gurabensu, a rubuta sunan kowanne a samansa, kuma idan alƙalami ɗaya ya ɓace, a bayyana hakan da Hausa a ƙarƙashin gurbin nan take, ba sai an tura ba.

Ƙananan hukumomin Jigawa 27 ne, gara a jera su mutum ya zaɓa. Gurbin suna kuwa ya karɓi ƙ da ɗ da ɓ, domin kada ya ƙi Ɗanladi. Ranar haihuwa, wadda dattawa da yawa ba su riƙe ba, a bari shekara kaɗai ta wadatar.