"Da sauƙi" a kunnen wanda ba Bahaushe ba

'Yata, na ga saƙonki. Sannu, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Amma fa na yi dariya har Malam ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Wai kina kwance zazzaɓi yana kaɗa ki, shugabar wurin aikinki ta bugo ta ce yaya jiki, kika juya mata "da sauƙi" da Turanci, ita kuwa ta ce madalla, ki shigo da rana. Shi ne kike tambaya ko ke kika yi kuskure, ko kuwa mutanen Legas ne ba su da tausayi.

Ke kin amsa gaisuwa, ita ta ɗauka rahoto kika ba ta. A wurinmu ko mutum yana gargara, in ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Godiya ce ga Allah da fatan alheri, kuma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a auna ciwo da ita.

Na fi shekara 30 ina aikin makaranta, rabinsu ni ake kawo wa irin wannan magana. A Kano, kafin zuwan wayar hannu, da sassafe za ki ga yaro ya durƙusa a ƙofar ofis: "Wai in ji Malam, ya kwana da ɗan zazzaɓi." Wannan "ɗan" ɗin kada ki yarda da shi, mai shi yana iya yin mako a kwance. In aka ce "jikin ne ya motsa", tsohon ciwo ne ya taso, hawan jini ko olsa ko sikila, ba sai kin tona ba. "Yana kwance" ya fi nauyi. "An ba shi gado" kuwa, ana tashi sai mu ɗunguma dubiya da lemo da ayaba. Babu mai cewa gudawa a gaban shugaba, ciki ne ya lalace. Malama mai cikin fari ko za a yanka ta ba za ta ce laulayi ba. "Ba na jin daɗi" za ta yi ta faɗi har cikin ya fito ya faɗi da kansa. Ni ma haka na yi. Babu mai tambayar kwana nawa, don tambayar kamar gajiya ce da mara lafiya.

Da aka mayar da Malam Sakkwato sai kunnena ya sake makaranta. Can "ban da lahiya" ne, zazzaɓin kuma masassara suka fi kiransa. Malaman da suka fi ba ni wahala Fulani ne, saboda fulaku, wato kunya da juriya irin tasu. Akwai wani da ya yi kwana uku yana koyarwa idonsa jawur, in na yi magana ya ce ba komai, sai da na kore shi gida da kaina. 'Yan'uwan Malam na Ƙonni da Maraɗi kuma in suka ce "na tahi likita", asibitin suke nufi, mai duba su lokotoro ne, zazzaɓin cizon sauro kuma falu, daga Faransanci.

Legas ɗin da kike ƙorafi, na zauna a Agege, suna da nasu. Bayarabe ya kan ce "ara mi o ya", wato jikinsa ba daɗi, kusan yadda muke faɗi. Masu riƙon coci da yawa ba sa son furta ciwo da bakinsu. Mace tana rawar ɗari za ta ce miki tana da ƙarfi. Ranar da na fara ji na tsaya ina kallon matar, sai maƙwabciya ta ce min ai ba ta da lafiya ke nan. Kin ga ashe da ta ce miki haka, ke ma da kin ce ta shigo da rana.

Sai dai ofis ba zaure ba ne. Shugabarki wani za ta ɗora a kujerarki, kuma akwai wanda zai tambaye ta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa in ciwo ya kwantar da shi, amma sai da shaidar likita mai rajista. Takardar mai kemis ba ta shiga ciki. Don haka ki rubuta mata yau: ba ki da lafiya, kin ga likita, ya ba ki kwana kaza, ga hoton takarda, ranar kaza za ki dawo in Allah ya yarda. Ba dole ki faɗi sunan ciwon ba in kina jin nauyi. Alhamdulillahinki kuma ki sa shi a farko, babu wanda ya hana ki, muddin adadin kwanakin ya biyo baya.

Kuma ki sa a yi miki gwajin jini, kada wani ya kalle ki kawai ya ce taifot ne. Ki kira mamanki, tun jiya take nema na tana cewa kin ce mata da sauƙi, ita kuma muryarki ba ta yi mata ba.