Fayil Ne Ko Folda? Tsarin Composite Da Inda Yake Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon rubuta manhaja da Java da Python. Na rubuta ɗan shiri da ke lissafa girman folda, amma ko'ina sai na sa sharaɗi: in fayil ne yi kaza, in folda ce shiga ciki ka sake dubawa. Da na zo ƙara neman fayil da sunansa, sai ga sharaɗin nan ya sake dawowa. Wani ya ce in duba tsarin Composite. Mene ne shi, kuma ya dace da matsalata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar bai ɓatar da kai ba, domin matsalarka ita ce ainihin ciwon da aka yi wannan magani dominsa.

Composite ɗaya ne daga cikin tsare-tsare 23 da Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka tattara a littafinsu Design Patterns, wanda ya fito a 1994. Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba, sun tarar ana yin ta ne, suka raɗa mata suna suka bayyana ta. Inda ake buƙatarta shi ne duk wurin da abubuwa suka jeru kamar bishiya, wani a cikin wani, wancan ma a cikin wani.

Ga inda gizo ke saƙar a shirinka. Kai ne kake tambayar kowane abu "kai wane ne?" kafin ka san yadda za ka yi da shi. Composite ya ce ka bar wannan tambayar. Ka sa fayil da folda su amsa kira iri ɗaya, kowa ya san yadda zai amsa nasa. Fayil ganye ne, ba shi da komai a ƙarƙashinsa, in an tambaye shi girmansa sai ya faɗi kawai. Folda reshe ce, in an tambaye ta sai ta juya ta tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa jimla:

class Fayil:
    def girma(self):
        return self.baiti

class Folda:
    def girma(self):
        return sum(x.girma() for x in self.ciki)

Duba da kyau, babu sharaɗi ko ɗaya. Folda ba ta damu ba ko abin da ke cikinta fayil ne ko wata folda ce, ta kira girma() ta wuce. In wata folda ce, ita ma haka za ta yi da nata 'ya'yan, har a kai ga ganye. A Python wannan ya wadatar. A Java kuwa sai ka fara kafa aji ɗaya na sama, ko yarjejeniyar da ajin biyu za su cika, domin Java na so ta san nau'in abu tun kafin shiri ya fara gudu. Neman suna da ka ambata, haka za ka yi masa.

Kuma kana amfani da tsarin nan kullum ba ka sani ba. A Android, duk abin da kake gani a fuskar waya View ne, kuma ViewGroup, mai ɗauke da sauran, shi ma View ne. A tsohuwar AWT, kayan aikin gina fuskar manhaja na Java, akwai Component da Container, Container kuma ya gāji Component. Shafin intanet ma, in burauza ta karanta shi, bishiya yake komawa, kowace gaɓa tata ana kiranta Node.

Yanzu ga wurin da masana suka rabu, kuma nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Aikin ƙara ɗa da cire shi, a ina za ka ajiye shi? In ka sa shi a ajin sama, komai ya zama bai ɗaya, amma fayil ma ya sami ƙofar da za a cusa masa ɗa, abin da ba shi da ma'ana. Haka masu burauza suka yi: appendChild, wato aikin ƙara ɗa, yana kan kowane Node, sai dai in ka kira shi a kan gaɓar da rubutu ce zalla, kuskure zai tashi lokacin da shirin ke gudu. Swing, wasu kayan gina fuskar manhaja na Java, ita ma ta bi wannan hanya, shi ya sa za ka iya tura wani abu cikin JButton, wato maɓallin dannawa, ba wanda ya hana ka. Android kuwa ta ajiye nata aikin ƙara ɗa, addView, a ViewGroup kaɗai, don haka in ka yi gigin ƙara wa TextView ɗa, tun wajen harhaɗa shirin za a tare ka. Ni dai a ganina, mai koyo ya bi hanyar Android. Gara a kama ka a ɗakinka da a kama ka a wayar mai amfani da manhajarka. Abin da za ka rasa kaɗan ne: wurin gina bishiyar dole ka san wane ne reshe, amma wurin tambayarta ba ruwanka.

Kada kuma ka ɗauki guduma ka ga komai ƙusa ne. In kayanka jeri ne kawai, babu wani a cikin wani, madauki (loop) ɗaya ya ishe ka.

Abu na ƙarshe ya shafi shirinka kai tsaye. Tsarin ya ɗauka cewa bishiya ce ta gaskiya, ba reshen da ya lanƙwaso ya koma gindi. Amma a Linux da macOS ana iya yin mahaɗi mai nuni zuwa wata folda, har da uwar foldar da yake ciki. In shirinka ya bi shi, zai yi ta zagaye yana maimaita foldodin da ya riga ya shiga, har ya tsaya da kuskure ko ya ba ka lissafin da ba daidai ba. Saboda haka ko dai ka ɗauki mahaɗin a matsayin ganye, kada ka shiga cikinsa, ko ka riƙa ajiye jerin foldodin da ka riga ka ziyarta, ka tsallake duk wadda ta sake bayyana.