Tambaya da Amsa: Yadda za a binciki furucin Hausar Sudan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gadarif, zan rubuta kundin kammala digiri a kan furucin Hausar unguwarmu. Kakata takan ce "hwari" da "tahi", ƙannena kuma ba sa bambanta "kafa" da "ƙafa". Duk Larabci ne ya jawo wannan? Ta ina zan fara, alhali waya kaɗai gare ni?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Abu biyu kika haɗa, kuma sai kin raba su kafin ki taɓa waya.

Maganar kakarki babu ruwanta da Larabci. "Hwari" da "tahi" Hausar Yamma ce, irin ta Sakkwato da Gobir, inda ake cewa "ɗiya" a maimakon "'ya'ya", da "rigas sarki" a maimakon "rigar sarki". Hausawan Sudan ba daga gari ɗaya suka taso ba. Wasu suna cikin ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna kusa da Sinnar. Wasu hanyar Hajji ce ta kawo su, wasu noman auduga a Jazira. Kowa da karin harshen garinsu ya zo. Nan masu bincike da yawa ke tuntuɓe: su auna Hausar Sudan da Kananci ko Hausar rediyo, duk bambancin da suka ji su ɗora wa Larabci. Saboda haka tambayar farko ga duk wanda za ki naɗi muryarsa ita ce: daga wane gari kakanninka suka fito, a ina ka girma? Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya raba mutane da gidajensu, don haka inda mutum yake zaune yau ba lallai ne can ya koyi magana ba.

Na ƙannenki kuwa, nan ne za a iya zargin Larabci, domin ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ts. Ki ɗora yatsa a maƙogwaronki ki ce "ƙafa": za ki ji ya yi sama, ya tunkuɗo iska. Ki ce "ɓata": ya yi ƙasa. Shi ya sa masana suka kira ƙ da ts tunkuɗau, ɓ da ɗ haɗiyau. Ba ɗaya suke da ط ko ق ba, ko da yake da waɗannan haruffa ake rubuta ɗ da ƙ a ajami.

Ga yadda za ki tsara aikin. Ki nemi mutum 18: tsofaffi shida, magidanta shida, matasa shida, rabi maza rabi mata, kuma ki nemi izinin kowa a naɗe. Ki tanadi kalmomi 40 waɗanda sauti ɗaya ne ya raba su: baki da baƙi, bari da ɓari, sara da tsara, "da" da "ɗa". Ki saka "gari" na zama da "gari" na tuwo don tsawon wasali, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya don karin sauti, wato hawa da saukar murya. Ki ƙara "alƙalami" da "alƙali", waɗanda Hausa ta aro daga Larabci tuntuni, domin Larabcin Sudan yana furta ق kamar g, za ki ji ko tsohon aron yana nan ko "galam" ta kore shi.

Kada ki faɗi kalma ki ce a maimaita, bakinki za a kwaikwaya. Kada kuma ki ba da takarda, da yawa ba su saba da Hausar boko ba. Ki nuna hoto, ko ki taɓa ƙafarki ki ce "mene ne wannan?" Kowace kalma a sa ta cikin jimla ɗaya, "Na ce ... jiya", sau uku, saboda murya takan sauka a ƙarshen magana ta ɓata miki karin sauti. Bayan nan ki bar mutum ya yi hira ta minti 15 a kan biki ko girbin dawa. Masanin harshe William Labov ya daɗe da nuna cewa wanda ya san ana sauraronsa yakan gyara bakinsa. Sai hira ta yi daɗi furucin gida ke fitowa.

Waya ta isa wajen ɗaukar murya, muddin kin naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, 44.1 kHz. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya zubar da abin da kike nema. A kashe fanka, a shiga ɗaki mai katifa da labule, wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada numfashi ya buge ta.

Daga nan ki buɗe sautin a kwamfuta da Praat, manhajar kyauta da aka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. A ƙ za ki ga fashewa, sai ɗan shiru, sannan wasali. A k hucin iska ne ke cike wannan gurbin. Ki nemi mutum biyu su saurara kowa shi kaɗai, ki rubuta inda suka saɓa. Kuma ki nemi ayyukan Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan Hausar Sudan da Larabci.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara shida yana cewa "dan sarki" maimakon "ɗan sarki". Lalurar harshe ce? Wani uba daga Kasala.

Amsa: In Larabcinsa yana fita daidai kamar na tsaransa, kuma yana jin kira da kyau, to ƙarancin jin Hausa ne a gida. Ku yawaita yi masa tatsuniya da Hausa, ku riƙa wasan "baki, baƙi" yana nuna wanda ya ji, ba tare da tsawa ko dariya ba. In kuwa a harsunan biyu maganarsa ba ta fita, a fara kai shi gwajin ji.