Zauren Inna: Akwati shida ko keken ɗinki?

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni tela ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 29, ina ɗinki a shagon maigidana. Shekara uku ina zubin adashi har na tara sefa dubu 700, da niyyar sayen keken ɗinki na lantarki in buɗe nawa shagon. Yanzu an sa mini rana, sai gwaggonnin yarinyar suka ce lefe ba zai gaza akwati shida ba, har da iPhone, wai haka aka kawo wa yayarta. Abokaina kuma kullum sabuwar shadda da sabon babur a Facebook, har nakan ji ni kaɗai aka bari a baya. In ci bashi in fita kunya?
Ɗanki, daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka ci bashin nan.

Ba zan ce maka son kaya laifi ba ne, don ni da atamfa na ci abinci shekara da shekaru a kasuwar Ngaundare. Na san daɗin zane mai kyau a jiki. Amma na ga irin cinikin da mai saye ba ya ko shafa zanen, sai dai ya tambaye ni wanne aka kai gidan su wance. Irin wannan ba don amarya yake saye ba, don matan da za su zo ganin lefe ne. Su zo su ɗaga, su ƙirga, su taɓe baki ko su rangaɗa guɗa, kafin la'asar kowa ta kama gabanta. Mai bin bashi kuwa shi zai riƙa yi maka sallama duk ƙarshen wata.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da muke saye a sefa 50 ya koma 100, dare ɗaya. Atamfar Holan ta yi tashin gwauron zabi. Ina da maƙwabciya da ta cika kabad da kwanukan samira tun daga ƙasa har rufi, ba a taɓa zuba tuwo a ko ɗaya ba. Da wuya ta yi wuya ta kwashe su zuwa kasuwa, dillalai suka yi musu tayin wulaƙanci. Wadda ke gidan gaba ba ta da komai sai injin niƙa, kuma da shi ta biya wa 'ya'yanta huɗu kuɗin makaranta. Har yau idan na ga kabad cike da kwano sai in tuna ta.

Kai da kake tela ma ka fi ni sanin sirrin shaddar Facebook. Nawa ne cikinsu suka karɓi ɗinkin sallah har yau ba su cika maka kuɗinka ba? Duba littafin bashin maigidanka, za ka tarar da sunayen masu hoton.

Abin da ya ɗan dame ni a wasiƙarka shi ne ban ji bakin yarinyar ba. Gwaggonni sun ce, ita me ta ce? Ka zauna da ita ka faɗa mata gaskiyar abin da ke hannunka da abin da ka tara shi dominsa. In ta fahimta, ka yi dace. In ta ce sai iPhone ko a fasa, gara ka ji yanzu da ka ji bayan an shafa fatiha. Maganar gwaggonni kuma ba taka ba ce, ka tura kawunka ko limamin unguwa, manya su yi ta da manya. Sadaki shi ne wajibi, lefe al'ada ce, al'ada kuwa ana yin ta daidai ƙarfi.

In da ni ce, akwati biyu zan yi masu tsabta, in haɗa da atamfar Cicam, kamfanin saƙa na Kamaru, wanda masaƙarsa ma a garinku aka kafa ta. Sauran kuɗin ka sayi kekenka ka kama shago, ko ɗan ƙarami ne. Za a yi surutu, ban ɓoye maka ba, wata ma za ta ce an kawo lefen talaka. Ka toshe kunne na mako biyu, za a yi wani bikin su koma can.

Kayan da amarya za ta sa ranar buɗar kai, kai ka ɗinka mata da hannunka a sabon keken. Ka aiko mini da hoton in ga ko ka iya wuyan riga.