Na samu 120, abokina ya samu 10,000: wa ya yi kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a Jidda. Na shimfiɗa SrTiO3 (sinadarin strontium titanate) mai kaurin nanomita 100 kai tsaye a kan silikon, ε (ma'aunin iya riƙe cajin lantarki) ya fito 120 maimakon 300 na littafi. Abokina ya samu 10,000 a 100 Hz. Saura wata huɗu in miƙa kundi, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Mitarka ba shimfiɗin kaɗai take aunawa ba, har da abin da ke ƙasansa da samansa. Da zarar silikon ya ji zafi da oksijin, SiO2 (haɗin silikon da oksijin) ke tsirowa a tsakani, ε ɗinsa 3.9 kacal, kuma a jere yake da shimfiɗinka. Mu ce kaurinsa nanomita 2 ne. Raba 100 da 300, ka raba 2 da 3.9, ka haɗa: 0.85. Raba jimillar kaurin, 102, da wannan, ga 120 ɗinka. Nanomita biyu ne suka cinye maka. Ga kuma jan da silikon ke yi wa shimfiɗi lokacin hucewa, don buɗewarsa da zafi ba ta kai sulusin ta SrTiO3 ba.

Ka koma shimfiɗawa a kan elektirod na filatinam, amma ka sa TiO2 (haɗin titaniyam da oksijin) a ƙarƙashinsa don ya manne. Tsuran titaniyam yakan kutsa ta iyakokin ƙwayoyin filatinam in gashi ya kai digiri 600 zuwa 700 na Celsius. In da hali, elektirod na SrRuO3 ko LaNiO3 sun fi filatinam. Sai ka yi samfura masu kauri huɗu daban-daban, ka zana d/ε a kan d, wato kaurin. Inda layin ya yanke a d = 0, nan ne nauyin mataccen sashen iyaka, wato siririn sashen da ke rage maka ε.

Amma 10,000 ɗin nan, wallahi na gaji da ganinsa. Kullum sai wani ya zo yana murna, har a buga a mujallun biya-a-buga. SrTiO3 ba ya yin haka a zafin ɗaki. Yoyon lantarki ne: guraben oksijin, caji da ya taru a bakin elektirod, ko danshin Bahar Maliya da ya shiga ƙofofin shimfiɗi mai raraka bayan an bar shi kan tebur. Lambar da aka kawo ba tare da tan δ (ma'aunin asarar lantarki) ba, shaida ce babu rantsuwa. Ce masa ya gasa samfurin cikin oksijin, ya busar da shi, ya auna daga 100 Hz zuwa 1 MHz, da elektirod masu faɗi daban-daban. In lambar ta rushe yayin da Hz ke hawa, tan δ kuma ya haura 0.1, kada ya sa ta a kundi.