Danna dama ko gajerun madannai: wanne zan riƙe?

Tambaya: Na fara aikin shigar da bayanai a kwamfuta. Komai sai na danna maɓallin dama na linzami na zaɓa daga jerin da ya fito, abokan aikina kuwa madannai kawai suke dannawa su wuce ni. In daina danna dama ne gaba ɗaya?

Amsa: A'a Malam, kada ka daina. Jerin danna dama yana nuna maka abin da za a iya yi wa abin da kibiyar linzami take kai. In kalma ce da Word ya ja wa jan layi, gyaranta zai fito. In fayil ne, sauya suna ko gogewa. Ido ne ke aiki, babu hadda. Gajerun madannai kuwa, wato danna madannai biyu ko uku tare don ba da umarni, sai an haddace, ribarsu ita ce hannu ba ya barin allon madannai.

Saboda haka aikin da kake maimaitawa dukan yini shi za ka mayar kan madannai: Ctrl+C kwafa, Ctrl+X yankewa, Ctrl+V liƙawa, Ctrl+Z janye kuskure, Ctrl+S adanawa. A Mac, kwamfutar kamfanin Apple, Command ne a madadin Ctrl. Chrome da Google Docs suna rubuta gajeriyar hanyar a gefen umarni cikin jerin, ka ɗauki biyu daga nan, sai hannunka ya saba ka ƙara.

Inda ake samun matsala shi ne madannai ba ruwansu da inda kibiya take, abin da aka zaɓa ko tagar da ke gaba suke bi. Kana zaton kalma kake gogewa, ashe fayil ne a zaɓe. In Delete ka danna, yana kwandon shara na kwamfuta (Recycle Bin), za ka dawo da shi. In Shift+Delete ne ka kuma amince da gargaɗin, ya tsallake kwandon ke nan, ba za ka same shi a can ba. Wannan kam ban ba sabon shiga shawarar ya saba da shi ba. Haka Ctrl+W yana rufe shafi a burauza, Ctrl+Shift+T ke dawo da shi. A tagar rubuta umarni (terminal) ta Linux, wani tsarin kwamfuta irin Windows, kuwa Ctrl+C tsayar da shirin da ke gudana yake yi, kwafa sai da Ctrl+Shift+C.

Ƙwararru ma suna danna dama, musamman a aikin da ba kullum ake yi ba. Windows 11, da ta fito a 2021, ta taƙaita jerin, ta ɓoye saura ƙarƙashin "Show more options". In ba ka son taɓa linzami, zaɓi abin ka danna Shift+F10, jerin zai buɗe, ka sauka da madannin kibiya ka danna Enter.