Hatimi a kan kati ba zai kare huhun Baba ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata tara ina aiki a Jidda. Mahaifina yana ƙauyenmu a ƙasar Ringim, shekarunsa 74, yana fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, kullum abin shaƙarsa na aljihu. Na tara kuɗi zan kawo shi Umara. Ejan da ke nema masa biza ya ce in ƙara masa wani abu ya fito da katin rigakafi da hatimi tsaf, ba sai an tsira wa tsoho allura ba. Baffana ya goyi bayansa, ya ce allurar mura kwantar da tsofaffi take yi, wai zaman waje ya sa na raina manya. In biya ejan, ko in sayi allurar a nan in ba mai tahowa gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun kada ka yi.

Takarda kawai ejan nan zai sayar maka. Idan aka gano ta jabu ce a filin jirgi, Baba ne zai sha kunya da zaman jira, shi kuwa ejan wayarsa a kashe. Irin haka ya sha faruwa. Idan kuma ba a gano ba, abin ya fi muni, don tsoho mai raunin huhu zai shiga cunkoson ɗawafi, kowa na tari, ba shi da kariyar komai. Katin gaskiya jami'an lafiya na tashoshin shige da fice suke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar zazzaɓin shawara da ta sanƙarau ana son a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa. Idan an taɓa yi masa ta shawara, sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan ba a taɓa ba, likita ne zai yanke hukunci, don ana taka-tsantsan da ita ga wanda ya haura 60.

Ta mura, wato infuluwenza, ita ce ta fi damuna, ko da ba wanda zai tambaye ta a ƙofa. Infuluwenza ba murar hunturu ta atishawa ba ce. Zazzaɓi ne mai zafi da ciwon jiki, ga mai ciwon Baba kuma takan tayar da toshewar ƙirji, ta buɗe wa nimoniya ƙofa. Allurar rabin mililita ce a dantse, ba ƙwayar cuta mai rai a cikinta, saboda haka ba ta sa mura. Abin da Baffa ya gani a wasu shi ne tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu. Sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara aiki, kuma duk shekara ake sabuntawa domin ƙwayar tana sauya kama. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, tana rage tsanani da kwanciya asibiti.

Aiko da ita daga Jidda asara ce. Tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Zafin hanya daga Kano zuwa ƙauye zai kashe ƙarfinta, in kuma aka danna ta cikin ƙanƙara ta daskare, nan ma ta lalace, kuma ido ba zai gane ba. Don haka ne ma ba a karɓarta a kemis ɗin da firjinsa ke jiran wuta.

Ba ta cikin rigakafin yau da kullum da gwamnati ke yi a asibitin shan magani. A kai Baba wurin likitan huhu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, wata guda kafin tafiya. Likita ya auna ko ƙirjin zai ɗauki jirgi, ya faɗi inda ake samun allurar, a kuma tambaye shi ta nimoniya. Wanda ya raka shi ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalin, ya turo maka hoto. Idan ranar yana zazzaɓi, a ɗaga sai ya warke. A gaya wa likita idan wata allura ta taɓa kumbura masa fuska ko shaƙe masa numfashi.

Shi kuwa Baffa, tsoronsa yana da tushe. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 a Kano ba. Ka kira shi da ladabi, ka roƙe shi ya zama shi ne zai raka yayansa ya ji daga bakin likita. Amma neman lafiyar uba ba raini ba ne, kuma ba daidai ba ne a ɗauki guminka na shekara tara a miƙa wa maƙaryaci don kawai babba ya faɗa. Ka yi magana da Baba kai tsaye, jikinsa ne, shi ke da ta cewa.

Idan ba a samu allurar a gida ba, a yi masa a asibiti nan Jidda da zarar ya sauka, ya huta a wurinka mako biyu kafin ku nufi Makka. Ya taho da abin shaƙa biyu a jakar hannu, da takardar likita, ya riƙa sa takunkumi a cikin taro. Zazzaɓi da ƙarin haki, ko kaki ya sauya launi, a tafi asibiti a ranar, don maganin infuluwenza ya fi aiki cikin awa 48 na farko.